Riƙon 'Ya'ya Bayan Saki: Abin da Ake Faɗa da Abin da ke Cikin Littafi

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a zauruka da tsakar gidaje na ƙasar Hausa, har jama'a suka ɗauke ta tamkar nassi, cewa wai idan aure ya mutu, to, da zarar an yaye yaro, ko kuwa ya cika shekara bakwai, ubansa na da ikon ya aiko a ɗauko shi, uwa kuma ba ta da ta cewa. Wannan al'ada ce kurum, ba ta da tushe a mazhabar Imamu Malik, wadda da ita alƙalanmu suke hukunci. Duk almajirin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san haƙƙin reno, wanda malaman fiƙihu ke kira hadana, na uwa ne har namiji ya balaga, mace kuwa har ta yi aure ta tare. Zancen shekara bakwai daga wasu mazhabobi ya fito, su ma ba haka kawai suka sake shi ba.

Magana ta biyu kuwa rabinta gaskiya ce, shi ya sa ta fi ta farko ɓarna. Ana cewa matar da ta sake aure ta rasa 'ya'yanta. Haƙiƙa idan ta auri wanda ba muharramin yaron ba, ta kuma tare, haƙƙinta ya faɗi. Amma ba hannun uba renon yake faɗawa ba, yana komawa ne ga kakar yaron ta wajen uwa, bayanta kuma 'yar'uwar uwa. Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa yadda Sayyidina Umar, bayan ya rabu da wata matarsa Ba'ansariya, ya iske ɗansa Asimu yana wasa a Ƙuba, ya ɗauke shi ya aza a gabansa bisa dabba, kakar yaron ta biyo shi tana jayayya har gaban Khalifa Abubakar, wanda ya umarce shi da ya bar mata yaron, Umar kuwa, da duk kwarjininsa, bai ƙara cewa uffan ba.

Uba ma yana da nasa haƙƙi, bai kamata a ɓoye ba: shi ne waliyyi, tarbiyya da karatu da aurarwa suna wuyansa, ba a hana shi ganin ɗansa, kuma alƙali na iya karɓe reno daga hannun wadda aka tabbatar ba ta da amana ko hankalin kula da yaro. Amma mai cewa tun da 'ya'ya suna wajen uwarsu ciyarwa ta sauka daga kansa, ya faɗi abin da babu shi, domin ci da sha da tufafinsu nasa ne gwargwadon hali, ko a gidan wa suke kwana.

Saura batun da ya fi hana mata motsi, wato cewa shari'a sai mai kuɗin lauya. A kotun shari'ar Musulunci mace na iya tsayawa da kanta, ta yi bayani da Hausa, ta kawo shaidunta, in hukunci bai gamsar da ita ba ta ɗaukaka ƙara. Akwai kuma Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1976 domin marasa ƙarfi, da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, da ƙungiyar WRAPA, waɗanda ke taimakon mata ba tare da neman ladan lauya ba. Sulhu a gaban dattawa ko Hisba abu ne mai kyau, shi ma ya fi dacewa a fara da shi, sai dai a lura sulhu ba hukunci ba ne. In an daidaita kan wanda zai riƙe yaro da abin da uba zai riƙa bayarwa duk wata, to, a rubuta da shaidu, a kai wa alƙali ya tabbatar, domin takardar kotu ce za a iya tilasta wa mutum da ita ran da ya sauya magana.