Ba iyaye iko a kan makarantun gwamnati: me zai ci?

A watan Yunin 2024 ne gwamnan jihar Kano, Abba Kabir Yusuf, ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi, inda ya ce miliyoyin ɗalibai a jihar na ɗaukar darasi a zaune a ƙasa saboda rashin kujeru.

Matakin na tayar da wata tambaya: idan hukuma ta kasa gyara makaranta, ko ya dace a miƙa wa iyayen yara ragamarta?

Tambayar ta fi shafar yankuna irin su Panshekara a ƙaramar hukumar Kumbotso, inda galibin iyaye ke dogaro da makarantun gwamnati.

Da yawa daga cikin magidantan yankin leburori ne a masana'antun Challawa da Sharada, waɗanda, kamar na Bompai, an rufe da dama daga cikinsu sakamakon ƙarancin wutar lantarki da shigo da kaya masu araha daga ƙasashen waje.

Darasi daga Amurka

Jihar California ta Amurka ce ta fara kafa doka a kan wannan batu, a shekarar 2010.

Dokar ta tanadi cewa idan aƙalla rabin iyayen yaran makarantar da ta daɗe tana ja da baya suka sa hannu a takardar koke, za su iya tilasta a sauya shugaban makarantar da aƙalla rabin malamanta, ko a rufe ta, ko kuma a danƙa ta ga wata ƙungiya mai zaman kanta ta gudanar da ita da kuɗin gwamnati.

Yunƙurin farko, a birnin Compton a ƙarshen 2010, ya ci tura bayan hukumar ilimin yankin ta yi watsi da takardar koken, lamarin da ya kai ga kotu.

A garin Adelanto kuwa iyaye sun yi nasara, aka buɗe sabuwar makarantar a 2013. Sai dai kafin a kai ga hakan sun rabu gida biyu, wasu suka nemi janye sa hannunsu, sai da alƙali ya raba gardama.

Da aka zo zaɓen ƙungiyar da za ta karɓi makarantar, iyaye 53 ne kacal suka kaɗa ƙuri'a.

Halin da ake ciki a Kano

Babu doka irin wannan a Najeriya. Abin da ya fi kusa da ita shi ne kwamitocin kula da makarantu da ake kira SBMC, waɗanda Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince da kafawa a tsakiyar shekarun 2000.

Kwamitin kan ƙunshi shugaban makaranta da wakilan malamai da iyaye da mata da ɗalibai, tare da masu unguwanni da malaman addini.

Shirin ESSPIN, wanda gwamnatin Burtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2008 zuwa 2017, ya horar da irin waɗannan kwamitoci a jihohi shida, ciki har da Kano da Jigawa da Kaduna.

A 2015 kuma aka fara shirin NIPEP na dala miliyan 100 a ƙarƙashin kulawar Bankin Duniya, wanda ya riƙa tura tallafi kai-tsaye ga makarantun firamare a Kano da Katsina da Sokoto da Jigawa da Kaduna, kwamitocin kuma suka riƙa tsara yadda za a kashe shi.

To amma ikon kwamitocin yana da iyaka. Suna iya gyara rufi, ko haƙa rijiya, ko bin sawun yaran da suka daina zuwa makaranta.

Ɗaukar malami da biyansa da sauya masa wurin aiki da korarsa kuwa, duk suna hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, da sassan ilimi na ƙananan hukumomi.

Wa zai biya?

Masu goyon bayan ƙara wa iyaye iko na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma malamin da ya san iyaye na iya raba shi da aikinsa ba zai yi wasa da aji ba.

Sai dai masu lura da al'amuran ilimi na nuna cewa wannan iko ba ya zuwa a banza.

Na farko shi ne kuɗi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekaru tara na farko kyauta ne kuma wajibi, a 2019 kuma gwamnatin Abdullahi Ganduje ta faɗaɗa tsarin zuwa ƙarshen sakandare a Kano.

Amma a duk lokacin da tallafin gwamnati ko na ƙasashen waje ya yanke, kwamitin da aka ɗora wa alhakin gyara ba shi da inda zai nufa sai aljihun iyaye. Magidancin da aka rufe masana'antar da yake aiki, ɗan kuɗin karo-karo na iya sa ya ajiye ɗansa a gida, ko ya tura 'yarsa talla.

Na biyu shi ne lokaci. Leburan da ke aikin dare a majemar fata a Challawa da wuya ya halarci taron kwamiti, ballantana ya bi diddigin littafin kuɗi. Hakan kan bar yanke shawara a hannun 'yan tsiraru masu faɗa-a-ji, waɗanda wasunsu 'ya'yansu na makarantun kuɗi.

Na uku shi ne malamai. A 2017 gwamnatin Kaduna ta sanar da sallamar malaman firamare fiye da 21,000 da ta ce sun faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu, lamarin da ya jawo zanga-zanga da yajin aikin ƙungiyar malamai ta NUT.

Idan gwamnatin jiha da ƙarfinta ta sha wannan dambarwa, ana ganin kwamitin unguwa ba zai iya jure ta ba, musamman ganin cewa malamin da za a kora sau da yawa maƙwabci ne ko ɗan'uwa. Kuma ko an kore shi, iyaye ba su da asusun da za su biya wanda zai maye gurbinsa.

Akwai kuma fargabar ƙara tazara tsakanin unguwanni, domin makarantar da ke da tsofaffin ɗalibai masu hannu da shuni za ta farfaɗo, ta yankin talakawa kuma ta ci gaba da lalacewa.

Abin da ya rage

Abin da aka gani a Kano ya nuna cewa kwamitocin sun fi tasiri a lokacin da kuɗi ke shiga asusun makaranta a kan kari, ana kuma horar da mambobinsu.

Shi ya sa wasu masana ke ganin kafin a yi maganar ba iyaye damar korar malamai, kamata ya yi a tabbatar musu da abubuwa uku: kaso tsayayye daga kasafin kuɗi, damar sanin abin da aka ware wa makarantarsu, da kuma wa'adin da dole SUBEB ta amsa kokensu a cikinsa.

Ko dokar ta-ɓacin ta 2024 za ta kai ga hakan, ya danganta ne da yawan kuɗin da zai isa ajujuwa a unguwanni irin su Panshekara.