Bindigar Farauta: Kafaɗa Ce Ke Zaɓe

Maharbin da ya baro Arewa ya sauka a Sabo, unguwar Hausawan Ibadan tun 1916, yakan tarar da daji dabam. Kurmin ƙasar Yarabawa duhu gare shi. Gada kan gifta cikin ƙiftawar ido, babu lokacin gyara saiti.

Saboda haka bindigar da ta dace ita ce wadda gindinta ke zama daram a kafaɗa, kunci ya kwanta a kai, yatsa ya kai kunama ba wahala. Dogon gindi yakan maƙale a riga, gajere kuwa ya doki fuska, nama ya tsere da rauni.

Bindiga mai baki biyu, dokar makamai ta 1959 ta wajabta mata lasisi.