Jan Kwano: Wuyar Riƙon Asibitocin Da Aka Gada Daga Mishan

Baƙon da ya sauka Jos ya tambayi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Bingham, mai yiwuwa ne direban tasi ya tsaya yana sosa ƙeya. Amma da ya ce Jan Kwano, to, magana ta ƙare. Da wannan suna mutanen gari suka san asibitin da Turawan Mishan na S.I.M. suka kafa a 1959, wanda ya daɗe yana amsa sunan Evangel.

Asibitin nan ba shi kaɗai yake ba. Ɗaya ne daga cikin gidajen magani na Ekklesiyar ECWA, wadda hedkwatarta ke Jos. 'Yan'uwansa su ne Asibitin Ido na Kano wanda aka buɗe a 1943, da Asibitin Egbe na 1952, sa'an nan ga ƙananan ɗakunan shan magani birjik a ƙauyuka.

A zamanin Turawa lissafin yana da sauƙi. Likita ɗan mishan, jama'arsa na Amirka ko Kanada ne ke ɗauke da albashinsa, kayan aiki da yawa kuwa kyauta suke zuwa. Abin da majinyaci ya biya bai taka kara ya karya ba. Da S.I.M. ta danƙa wa ECWA ragamar ayyukanta a 1976, sai aka gaji gine-gine da kyakkyawan suna, amma ba a gaji aljihun da ke ciyar da su ba. Likita ɗan ƙasa yana da iyali, albashinsa kuma daga kuɗin kati da na gado da na magani zai fito. Watau dai talakan da aka gina asibitin dominsa, shi ne ya koma uban gidan da ke biyan ma'aikata.

Nan ne shugabanci ya zama aikin gashin ƙuma. In aka ƙara kuɗin jinya, manomin Bassa ko na Miyango zai zauna gida sai ciwo ya ci ƙarfinsa. In aka ƙi ƙarawa, ɗakin magani ya bushe, ma'aikata kuma su bi albashin gwamnati, ga shi kuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos yana nan cikin gari.

Shekarar 1986 ta daɗa tsananta al'amarin. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu, aka karya darajar Naira. Kuɗin da a farkon shekarun 1980 ya fi Dala daraja, kafin ƙarshen 1987 sai an ba da wajen Naira 4 a sami Dala guda, alhali yawancin magunguna daga waje ake sayo su. Dabarar da ta taimaki asibitocin mishan ita ce sayen magani a dunƙule. Ƙungiyarsu ta CHAN, wadda aka kafa a 1973, tana da babban rumbun magani a Jos, inda ake saro kaya da yawa a rarraba musu da rahusa.

Jan Kwano ya nemi wasu ƙofofin kuma. A 1992 aka buɗe sashen matan da ke fama da yoyon fitsari, inda masu taimako ke biyan kuɗin aikin, mata kuwa na zuwa daga jihohi masu nisa, Musulmi da Kirista. Daga baya aka mai da asibitin wurin koyar da ɗaliban likita na Jami'ar Bingham, wadda ECWA ta kafa a Karu a 2005. Matsayi ya ƙaru, amma ɗawainiya ma ta ƙaru, don kuwa asibitin koyarwa sai da ƙwararrun likitoci, su kuwa yanzu Ingila da Saudiyya ke zawarcinsu.

A 2023 tarihi ya maimaita kansa. Aka janye tallafin man fetur, aka saki Naira, Dalar da ake saye wajen Naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Kuɗin man janareta da na magani suka tashi lokaci guda.

Abin da shugabannin irin waɗannan asibitoci suka zuba wa ido shi ne inshorar lafiya. Jihar Filato ta kafa hukumarta a 2019, dokar Tarayya ta 2022 kuma ta wajabta wa kowa shiga. Sai dai har yanzu mafi yawan kuɗin jinya a Nijeriya daga aljihun majinyaci yake fitowa, ranar da ciwo ya kwantar da shi, a gaban tagar mai karɓar kuɗi.