Likitan Fiɗa Da Ciwon Ƙaba: Daga Bukkuyum Zuwa Ɗakin Mutum-mutumi

Duk wanda ya zauna a ƙasar Bukkuyum ko Gummi ko Anka ba zai rasa sanin wani magidanci da ke ɓoye ƙaba a ƙarƙashin riga ba. Da ita yake huɗa, da ita yake ɗaukar buhun gero, in ta fito ya kwanta rigingine ya mayar da ita da hannu. Kunya ta hana shi faɗa, tsoron wuƙar likita kuma ya hana shi zuwa asibiti.

Ita ƙaba ba iska ba ce, ba kuma sammu ba. Wani wuri ne a bangon ciki, galibi a gefen mara, yake yin rauni har hanji ya sami kafar leƙowa. Jama'a kan haɗa ta da gwaiwar ruwa, alhali kuwa ita wannan ruwa ne kawai yake taruwa a maraina. Masana sun ƙiyasta cewa kusan namiji guda cikin huɗu zai gamu da ƙabar mara a rayuwarsa. Babu jiƙo ko ƙwaya da ke rufe wannan kafa, sai ɗinki.

Haɗarin yana ranar da hanjin ya fito ya ƙi komawa. Kafar ta shaƙe shi, jini ya daina isa gare shi, sai ciwo mai tsanani da amai, cikin 'yan sa'o'i hanjin ya soma mutuwa. In abin ya faru da tsakar dare a wani ƙauyen Bukkuyum, ga hanyoyin da 'yan bindiga suka sa ba a bin su sai gari ya waye, to aikin da ba ya cin sa'a guda ya zama batun rai da mutuwa. In kuma ya fi ƙarfin asibitin kusa, sai Gusau ko Sakkwato.

To, shi mai wannan ɗinki yaya ake samunsa? Ɗalibin da ke sha'awa ya kwana da shirin doguwar tafiya. Zai yi shekara 6 a makarantar likita, kamar ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ko ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, sa'an nan shekara guda ta sanin makamar aiki, da wata ta bautar ƙasa. Bayan haka ne zai shiga horon ƙwarewa na shekara 5 ko 6 a babban asibiti, yana rubuta jarrabawar Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma, ko ta Kwalejin Ƙasa da aka kafa a 1979. Wanda ya shiga jami'a yana ɗan shekara 18, da wuya ya zama cikakken likitan fiɗa bai haura 30 ba. Aikin ƙaba kuwa yana cikin na farko da malami ke sakar wa almajirinsa wuƙa a kai, domin a nan ake gane mai natsuwar hannu.

Aikin kansa ya sha gyara. Wani likitan Italiya, Edoardo Bassini, shi ya fito da ɗinkin zamani wajen 1887. Bayan kimanin shekara ɗari Irving Lichtenstein na Amurka ya yaɗa dabarar shimfiɗa raga a kan kafar maimakon jawo tsoka da ƙarfi, abin da ya rage dawowar ciwon ƙwarai. Ragar kamfani tana da tsada ga talaka, amma wani bincike da aka yi a Yuganda, aka buga a 2016, ya nuna cewa raga mai araha irin ta gidan sauro, wadda aka tsarkake a asibiti, ta yi aiki daidai da ita.

Sai kuma mutum-mutumi. A shekarar 2000 Amurka ta amince da na'urar da Vinci. Ba ita ke yin fiɗar da kanta ba, kamar yadda wasu ke zato. Likita ne ke zaune a gefe yana duban cikin majinyaci ta madubin kyamara, yana motsa yatsunsa, hannuwan na'urar da aka zura ta ƙananan huda suna bin umarninsa. Ta isa Afirka ta Kudu a 2013. Kuɗinta ya haura dala miliyan guda, ban da gyara da wutar lantarkin da ba ta ɗaukewa. Tana da amfani a ayyuka masu wuya a lungun ciki, amma a ƙabar mara ta yau da kullum, wani gwaji da aka buga a Amurka a 2020 ya tarar ba ta fi fiɗar madubi ta hannu ba, sai ƙarin lokaci da kuɗi.

Ba laifi ba ne matashin likita ya yi marmarin wannan na'ura, ilmi ne. Abin dubawa shi ne, tsawon horon nan kan jawo shi birni, daga birni kuma sau da yawa sai ƙasar waje. Akwai wanda ya juya akalar. Marigayi Dokta Oluyombo Awojobi, bayan ya ƙware a Ibadan, ya koma garin Eruwa na Jihar Oyo a 1983, ya yi ta fiɗa a karkara har rasuwarsa a 2015, a kan gadon aiki da ya ƙera da jak ɗin mota. Ma'aikatan da ke tsara wurin aikin likitoci a Gusau ya kamata su san labarinsa, su kuma san cewa ba a riƙe irinsa sai da gida da tsaro da albashi a kan kari.

Shi kuwa mai ƙaba, muddin tana komawa, yana da damar zaɓen rana. Ana iya yin aikin da allurar kashe wuri, ba sai an sa shi barci ba, da yawa ma a ranar ko washegari suke komawa gida. Manomi ya fi kyau ya je da rani, bayan an kai amfani rumbu, domin likita zai hana shi ɗaukar kaya mai nauyi na 'yan makonni.