Direban Da Aka Dakatar Da Lasinsa Bai Sani Ba: Ina Matsayinsa A Shari'a?

 Ga wata mas'ala ta zamani wadda ta shafi duk wanda ya taɓa ɗora buhunsa a bayan mota. Mutum ne yana tuƙi, lasinsa na cikin aljihu, hotonsa a jiki, kwanan watansa bai ƙare ba, alhali kuwa a littafin hukuma an riga an dakatar da lasin nan, shi bai sani ba. In aka tsare shi a hanya, rashin saninsa zai fisshe shi ko kuwa?

Kada mai karatu ya ce wannan magana ta 'yan birni ce. Manomin Saji da ya sayar da masara ko dawa, da ɗan kasuwar da ya saye ta, dukansu a mota suka dogara, ita ce za ta kai kayan Rano, ta bi ta Bunkure ta shiga Kano, har kasuwar Dawanau. In direban ya shiga hannu, kayan ma sun shiga hannu tare da shi.

Sai mu fara da yadda lasin yake mutuwa a hannun mai shi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda direbobi ke kira Rod Sefti, an kafa ta a 1988, aka sabunta dokarta a 2007. A jadawalin dokar 2007 kowane laifin hanya yana da tara, yana kuma da maki da ake rubuta wa direba. Lodin da ya wuce ƙa'ida maki 10 ne, amsa waya ana tuƙi maki 4, rashin ɗaura bel maki 2. Wanda ya tara maki 10 zuwa 14 a yi masa gargaɗi, 15 zuwa 20 a dakatar da lasinsa, daga 21 kuwa a karɓe shi. To, ku lissafa: lodi guda, waya guda, bel guda, sun zama 16. Direba ya biya tara sau uku, ya ɗauka magana ta wuce, zama a wurinsa biyan kuɗi shi ne ƙarshen shari'a, ashe makin yana nan a rubuce. Kotu ma tana da ikon hana mutum tuƙi na wani lokaci bayan ta same shi da laifi.

Sa'an nan ga hanyar da sanarwa ke ɓacewa. Direba ya cika takardar lasin yana zaune a Kano, ya ba da adireshin gidan haya da lambar wayar da ya daɗe da yarwa, yanzu ya koma ƙauye. Wani kuwa bai taɓa zuwa ofis ba sam, kuɗi ya ba wani mai shige da fice a tasha, bayan mako biyu aka kawo masa kati mai sheƙi. Lasin na gaskiya ba ya fitowa sai an bi ta hannun masu gwada direbobi, watau VIO, da hukumar tara haraji ta jiha, da Rod Sefti, mutum ya je da kansa an ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Wanda aka kawo wa kati har gida ba tare da wannan ba, ya sani abin da ke aljihunsa abin tuhuma ne, kuma a gaban doka shi da wanda aka dakatar duk ba su da lasin mai aiki.

Yanzu ga gundarin mas'alar, kuma malamai za su ga ba baƙuwa ba ce gare su. Dokar laifuffuka ta Arewa, wadda ake kira Final Kod, da aka zartar a 1959 ta fara aiki a 1960, ta raba jahilci gida biyu a sashe na 45. Akwai jahiltar hukunci, akwai jahiltar abin da ya auku. Wanda ya ce bai san doka ta hana tuƙi ba lasin ba, ba a saurarensa. Wanda ya ce ya san dokar sarai, amma bai san an dakatar da nasa lasin ba, wannan kuskure ne a kan abin da ya auku, kuma shi ne irin kuskuren da sashen ya buɗe wa ƙofa. Amma fa ƙofar tana da sharaɗi, sai kuskuren ya kasance da kyakkyawar niyya. Sashe na 37 kuwa ya fassara kyakkyawar niyya da cewa ba a kiran abu da wannan suna in an yi shi ba tare da kula da lura da suka kamata ba. Watau alƙali ba zai tsaya ga tambayar ko ka sani ba, zai wuce ya tambaye ka me ka yi domin ka sani.

Wannan rabo shi ne kusan abin da Imam Ƙarafi, malamin Malikiyya na Masar wanda ya rasu a 1285, ya yi a littafinsa Furuƙ, inda ya bambanta jahilcin da yake da wuyar kaucewa, wanda ake yafewa, da jahilcin da mutum zai iya kawar da shi da tambaya, wanda ba a yafewa. A ganina direban da aka ba takardar laifi sau uku a hannunsa, bai taɓa zuwa ya tambayi matsayin lasinsa ba, da wuya ya shiga kashi na farko. Wanda kuwa aka yi wa kuskuren suna ko na lamba a ofis, aka ɗora masa laifin wani, hujjarsa mai ƙarfi ce, kuma sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi kafin a yanke masa hukunci.

Ƙasashen duniya ma ba su haɗu a kan magana guda ba. A Ingila, inda muka gaji yawancin dokokin hanya, babbar kotu ta yanke a 1952 cewa tuƙi bayan an hana mutum laifi ne ko ya sani ko bai sani ba. A Amurka kuwa Kotun Ƙoli ta yanke a 1971 cewa ba a dakatar da lasin mutum sai an sanar da shi an ba shi damar kare kansa. Saboda haka kada direba ya shiga kotu yana ganin kalmar "ban sani ba" ita kaɗai ta ishe shi, gama laifuffukan hanya suna cikin waɗanda alƙalai suka fi tsanantawa a kansu.

Tarar kanta ba ita ce abin tsoro ba. A jadawalin 2007 laifin lasin naira 10,000 ne da maki 10. Amma ku ɗora 10 a kan 16 ɗin nan na ɗazu, sun zama 26, an wuce iyakar karɓe lasin ke nan, sana'a ta tsaya. Ana kuma iya tsare motar, ko a gurfanar da direban gaban kotun tafi-da-gidanka. Hatsi ya iya kwana uku a harabar ofis bai lalace ba, amma wanda ya ɗauko tumatir daga Kwanar Gafan ya san abin da kwana guda ke yi wa kwando. In an shiga birni kuma ga Karota, wadda gwamnatin Kano ta kafa a 2012, ita ma da nata dokokin.

Babbar asara tana zuwa ne ranar da aka yi haɗari. Inshorar da doka ta wajabta wa kowace mota, wadda ke biyan wanda aka yi wa ɓarna, an ɗaga kuɗinta na ƙananan motocin gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023, abin da take biya na ɓarnar dukiya ya kai naira miliyan 3, 'yan sanda kuma suka fara tsananta bincikenta a watan Fabrairu na 2025. To, takardar inshora bisa al'ada tana ɗauke da sharaɗin cewa mai tuƙin ya kasance yana da lasin, ba a kuma hana shi riƙe shi ba. In ya tabbata an dakatar da lasin, kamfani ya sami abin jayayya, mai mota da direba su wayi gari ana bin su kuɗin da suka ɗauka sun riga sun saya wa kansu kariya daga gare shi.

A nan fiƙihu bai sassauta ba ko kaɗan. Risala ta Ibn Abi Zaid ta ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mai kora ta, da mai jan ta, da wanda ke kanta, kuma sanannen abu ne wurin malamanmu cewa ganganci da kuskure ɗaya suke a wajen biyan dukiyar mutane. Rashin sani yana iya sauke zunubi, yana iya sa alƙali ya rage horo, amma ba ya sauke biyan motar da aka murƙushe, ko diyyar ran da aka kashe bisa kuskure.

Mai mota da ya ba da amanar motarsa, da fatake da suka haɗa kuɗi suka ɗauki shata daga Saji, suna da abin yi wanda bai fi aikin rabin sa'a ba. Kowane lasin yana da lamba. Ana kai lambar ofishin Rod Sefti a tambaya, ko yaro mai waya ya duba ta a shafin hukumar na intanet, a ga ko lasin na gaskiya ne. Direba kuma ya adana rasit na kowace tara da ya biya, in ya sake gida ko lambar waya ya je ya gyara a ofis, domin ranar da zai tsaya gaban alƙali ya ce bai sani ba, takardun nan su ne shaidunsa cewa ya nemi sani.