Damagaram: in yaɓe ya zube, wa za ya biya gyara?

Ranar 3 ga watan Satumba na shekarar 2024, ruwan sama ya kada tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19. A damina irin wannan gidajen laka da dama kan tsage, har da waɗanda aka kashe wa kuɗin gyara da rani. Daga nan sai rigima ta tashi tsakanin mai gida da magini.

Mafi yawan lokaci tushen rigimar yaɓen siminti ne a bisa katangar ƙasa. Mai gida yana son ya huta da yaɓen kowace shekara, magini kuwa ya karɓi aikin bai faɗa masa gaskiya ba: siminti ba ya kama laka. Sannu a hankali ya kan rabu da bango, ruwa ya shiga ta tsaga, danshi ya rasa mafita, tubali ya ruɓe daga ciki alhali waje yana sumul. Magina na da, masu aiki da makuba, sun san da haka. Sauran aibin sananne ne: indararo gajere mai zuba ruwa a gindin bango, ko azarar da ba ta giginya ba, wadda gara ke cinyewa.

Doka ba ta bar mai gida hannu sake ba. Kundin dokokin farar hula da Nijar ta gada daga Faransa, a ayarsa ta 1792, ya ɗora wa ɗan kwangila alhaki har shekara 10 in ginin da aka yi jinga a kansa ya rushe, duka ko wani sashe, saboda aibin aiki. Sai dai alƙali hujja yake nema, ga shi kuwa jingar unguwa da baki ake ƙulla ta, ba takarda, wani lokaci ko shaida babu.

Shi ya sa masu hankali ke farawa da kiran maginin ya dubi ɓarnar da idonsa, a gaban wani tsohon magini wanda za ya rarrabe laifin hannu da laifin ruwa. In ya ƙi, a je wurin mai unguwa, daga can zuwa fada, tun da dokar sarautun gargajiya ta ba sarakuna ikon sulhu. Magini da sunansa yake ci. Kiran fada ya kan fi sammaci tsorata shi.

Abin da ya fi kome maido shi bakin aiki, shi ne cikon kuɗinsa. Gwamnati ma ta kan riƙe wani kashi na kuɗin ƴan kwangilarta har a tabbatar da ingancin aiki. Mai gidan da ya yi sharaɗi gaban shaidu biyu cewa ciko sai bayan ruwan Agusta, da wuya ya yi yawon neman magini daga Zango zuwa Garin Malam.