Shi ya kai kansa: tsohon soja da bashin da ba a biya ba

Saurayin da ya tashi a Ƙafin Maiyaki ko Bebeji ko Tudun Wada yana sha'awar kaki, da ƙafarsa yake zuwa. Zai cika fom a intanet, in an yi dace sunansa ya fito, ya hau mota zuwa makarantar horar da kurata ta Zariya, wadda ke nan tun 1924. Tun samun 'yancin kai gwamnatin Najeriya ba ta taɓa kafa dokar tilasta wa matasa shiga soja ba, ko a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, lokacin da rundunar ta kumbura daga wajen mutum 10,000 zuwa kusan 250,000.

Abin a yaba ne, sai dai tsohon soja ke ɗanɗana kuɗarsa. Ranar da ya dawo gida yana jan ƙafa, ko kunne ɗaya ya daina ji saboda ƙarar igwa, abin da ake faɗa a majalisa bai wuce "ai shi ya kai kansa, kuma albashi aka biya shi" ba. An mai da yaƙi sana'a irin ta direban tirela: wanda ya yi hatsari, tsautsayinsa ne.

Kakanninmu ma an rubuta cewa sa kai suka yi. A yaƙin duniya na biyu Turawan Ingila sun kwashi dubban 'yan Arewa, amma yadda ake ɗiban ya sha bamban da abin da ke cikin takarda. Razdan ya faɗa wa sarki adadin da ake so, sarki ya rarraba wa hakimai, hakimi ya sauke wa dagatai. Dagaci kuwa ba ɗan cikinsa zai miƙa ba. Sai ya duba baƙo, ko wanda haraji ya gagara, ko wani mai taurin kai da ya addabi gari. Da yawa sun shiga don kansu, gaskiya ne, musamman a shekarar da damina ta yi gardama. Su ne runduna ta 81 da ta 82 suka kai Bama, suka gwabza da Japan a kwarin Kaladan da Arakan, kuma daga wancan yaƙin barikin Chindit na Zariya ya samo sunansa. Da aka zo sallama, takardun Ingila da aka bankaɗo a 2019 sun nuna farabitin Bature na samun sule goma a kan kowane watan da ya yi, baƙin mutum sule uku da sisi. Waɗanda ɗiban gwamna ya kai haƙar kuza a Jos daga 1942 zuwa 1944, su ko lambar yabo babu.

Faransa ba ta ɓoye tata tilas ɗin ba. Daga 1919 ta kafa dokar ɗiban soja a yankunanta na Afirka ta Yamma: a tara samari, likita ya duba, a jefa ƙuri'a, wanda ta faɗa kansa ya yi shekara uku. Ita ma ta ci amana. A ranar 1 ga Disamba 1944 sojojinta suka buɗe wuta a kan sojojin Afirka da ke neman kuɗinsu a Thiaroye, kusa da Dakar, kuma a 1959 ta tsayar da fanshon tsofaffin sojojin Afirka cak, na Faransawa yana ta hawa. Amma da yake doka ce ta ɗebo su, kowa da littafinsa na soja, sun sami abin riƙewa a kotu. Wani tsohon soja ɗan Senegal, Amadou Diop, ƙararsa ta yi nasara a 2001, aka daidaita fanshon a 2011, bayan ƙasa ta rufe idon yawancinsu.

A Amurka, dokar 1944 da ta biya wa tsofaffin sojoji kuɗin karatu da rancen gida ta fito ne lokacin da ɗiban soja ya taɓa kusan kowace unguwa, har gidajen masu kafa doka. A ganina nan gizo ke saƙar: ɗan wa aka tura? Ba na kiran a kawo tilas Najeriya, don na san 'ya'yan manya za su sulale kamar yadda 'ya'yan dagatai suka sulale. Sai dai rundunar sa kai a ƙasar da aiki ya yi wuya daga gidajen talakawa take cika, masu yanke fansho kuwa ba safai suke da ɗa kurtu ba.

Shi ya sa kowace 15 ga Janairu ake ajiye furanni a Abuja don tunawa da 'yan mazan jiya, a wani watan kuma a ga tsofaffin sojoji sun shimfiɗa tabarmi sun tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi suna neman haƙƙinsu. Wanda ya kwanta dama a Sambisa ko dazukan Zamfara, bayan wani wa'adi matarsa za ta bar ɗakin bariki, ta kwaso yara ta dawo ƙauye. Kafin kuɗin mamacin su fito, ƙanensa da ke noman masara shi zai ciyar da su, shi zai biya kuɗin makaranta, shi zai nemo kuɗin motar zirga-zirgar takardu.